A bushe ko da ruwa? Kundin aikin injin goge ƙarfe da nake haɗawa

Asabar, 4 ga Janairu

To bismillah. Na ga gara in riƙa rubuta duk abun da na yi a aikin nan, don na lura in ban rubuta ba mantawa nake, bayan sati biyu sai in sake faɗawa ramin da na fito. Injin goge ƙarfe nake son haɗawa, mai bel ɗin nan da ake wasa wuƙa da goge walda da shi. Kayan da zan fiƙe da hannuna su ne shaf guda 2 na baƙin ƙarfe mai laushi, tayoyi 3 na alminiyon da boris mai lamba 6204 zai zauna a cikinsu, farantin ƙarfen kas (ƙarfen zubi) da bel zai riƙa bi ta kai, bushin na roba, fil ɗaya na sitenles (ƙarfe mara tsatsa), sai murfin roba garai-garai a gefe don in riƙa hango fuli in yana juyawa. Wata 5 ke nan ina koyon injin fiƙa (mai juya ƙarfe wuƙa tana fiƙe shi) da injin milin (wanda kan yankan ne ke juyawa) a wurin maigida, kuma ya ce in babu aikin mutane a kai in yi amfani da su.

Tun yau muka fara ja-in-ja a kan ruwan da ake kwarara wa wuƙar inji lokacin yankan ƙarfe. Ni a raina yanka da ruwa ya fi yanka a bushe ko da yaushe, don na karanta cewa tun shekarun 1880 wani Ba'amurke Frederick Taylor ya gwada a kamfanin ƙarfe na Midvale da ke Filadelfiya, ya tarar in ana kwarara ruwa sosai a bakin wuƙa ana iya ƙara gudun yanka da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Na faɗa wa maigida haka, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce "Gaskiya ne yaro, amma wace irin wuƙa ce a hannunsa a lokacin?" Na yi shiru. Ya ce wuƙaƙen wancan zamanin zafi kaɗan ke kashe musu kaifi, ita HSS ma, wato wuƙar ƙarfe mai jure yanka da gudu, sai wajen 1900 ta fito, kuma Taylor ɗin ne da abokin aikinsa Maunsel White suka samar da ita, tana jure zafi har wajen digiri 600. Kabayid kuwa, wani haɗi mai tsananin tauri da ake yin bakin yanka da shi, ya wuce nan nesa. Ya ce kafin ka ɗauki tiyo ka fara tambayar kanka ina zafin yake tafiya, cikin ɓarɓashi ne, ko cikin wuƙa, ko cikin kayan da kake yankawa. Na rubuta maganar a bangon littafina duk da ban gama gamsuwa ba.

Litinin, 6 ga Janairu

Na wanke tankin ruwan injin fiƙa, lita 20 yake ci. A jikin galan ɗin man da ake haɗawa da ruwan yanka an rubuta a haɗa kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, sai na zaɓi 6, wato mai lita 1.2 ruwa lita 18.8. Kuskuren farko: man na fara zubawa a bokiti sannan na kwarara ruwa a kai. Maimakon ya zama farin ruwa sumul sai ya yi gudaji-gudaji, wani kauri-kauri yana yawo a sama, na juya na juya ya ƙi haɗuwa. Ashe ruwa ake fara zubawa, man ya zo daga ƙarshe a hankali ana juyawa. Haka na yi asarar lita 1.2 na mai tun ban yanka komai ba. Na biyun ya haɗu lafiya.

Talata, 7 ga Janairu

Shaf na farko. Sandar milimita 25 ce zan saukar zuwa 20 inda boris zai hau. Da wuƙar HSS, gudun yanka mita 25 a minti, lissafi ya ba ni juyi 318, injin yana da 320 sai na sa shi a nan, na buɗe ruwa. Fuska ta fito kyau, ɓarɓashi fari tas, wuƙa ko ɗumi ba ta yi ba. Na ji daɗi sosai wallahi.

Laraba, 8 ga Janairu

Shaf na biyu maigida ya ce in yi da haƙorin kabayid (ɗan guntun da ake ɗaurawa a bakin wuƙa) a bushe in gani da idona. Juyi 1500. Da farko tsoro na ji, don ɓarɓashin yana fitowa ruwan ƙasa-ƙasa kafin ya faɗi a tire ya koma shuɗi, ɗaya ya faɗo min a wuyan hannu ya bar tabo. Na ce "Maigida ai ƙonewa yake." Ya ce in kashe injin in taɓa shaf ɗin. Na taɓa, ɗumi kawai, na riƙe shi a hannu babu komai. Ya ce to ka gani, zafin ya bi ɓarɓashi ya tafi, wannan shuɗin wajen digiri 300 ke nan, kuma a can muke son sa ba a jikin aikin ba. Abun da ya ɗauke ni minti 40 jiya yau minti 9 ya ci. Kuma fuskar ta fi ta jiya sheƙi.

Amma da na zo datse shaf ɗin daga jikin sanda na ce bari in ci gaba a bushe, nan wuƙar datsa ta fara kuka tana karkarwa, ɓarɓashi ya cushe a cikin siririn ramin. Na ja baya na ɗiga man yanka da buroshi, na rage gudu, sai ta wuce salin alin. A nan ba sanyi ake nema ba, santsi ake nema don ɓarɓashi ya samu ya zame ya fito.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau ranar ɓacin rai ce, bari in rubuta ta dalla-dalla.

Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 12 da zai zama gindin injin nake son share wa fuska a injin milin. Kan yankan milimita 50 ne mai haƙoran kabayid 4, sababbi fil na sa. Shi injin milin ɗin ba shi da famfo, sai na ɗauko gorar roba na huda murfin na cika da farin ruwa, ina yanka ina ɗan tsiyaya masa, ina ganin tururi na tashi ina jin kamar taimakon haƙoran nake. Zagaye na farko lafiya, na biyu lafiya, a na huɗu sai sautin ya canza, daga shhh ɗin nan mai daɗi ya koma ƙas-ƙas-ƙas, fuskar farantin ta fara yin layi-layi. Na tsayar na kwance haƙori ɗaya na duba da madubin ƙara girma. Bakin nasa duk ya tsattsage, ƙananan tsaga a jere a jere sun gicciye kaifin kamar haƙoran matsefi, tsakanin tsaga biyu kuma wani guntu ya ɓalle ya fita. Na duba sauran ukun, duk haka suke, ɗaya ne kawai bai kai ga ɓallewa ba.

Da maigida ya dawo na nuna masa, bai yi faɗa ba, ya ce in zauna. Ya ce a injin fiƙa haƙori yana cikin ƙarfe ne ci gaba ɗaya, zafinsa ba ya hawa da sauka. A milin kuwa kowane haƙori shiga yake ya fita a kowane juyi, in ya shiga ya ɗau zafi na ɗaruruwan digiri, in ya fito ruwanka ya same shi ya huce farat ɗaya, ya sake shiga, a juyi 800 sau 800 ke nan a minti ɗaya. Kabayid yana jure zafi amma ba ya jure wannan zafi-sanyi zafi-sanyi ɗin, kamar kofin gilas mai zafi ne ka watsa masa ruwan sanyi. Ya ce ko dai ka nutsar da shi da ruwa mai yawa yadda ba zai taɓa yin zafi ba, ko ka bar shi a bushe ɗungurungum, tsaka-tsakin nan da ka yi shi ne mafi muni. Ya ƙara da cewa baƙin fentin da ke jikin haƙoran, TiAlN, an yi shi ne don aiki cikin zafi, in ya kai wajen digiri 800 wata siririyar fata ce ke fitowa a kansa tana kare shi.

Na juya haƙoran zuwa ɗaya bakin, na jawo tiyon kwamfireso na ɗaure shi yana hura iska don kore ɓarɓashi kawai, na gama farantin gaba da baya ba tare da ko ɗigon ruwa ba. Na sake dubawa da madubi, kaifi na nan. Asarar yau baki 4 cikin 8. Abun ya tsaya min a rai don da niyyar kare su na yi, kuma hannuna ne ya kashe su.

Litinin, 13 ga Janairu

Na huda ramuka 8 a farantin gindi, bakin diril 6.8, na yanka musu zaren M8. Man yanka mai kauri a kowane rami, juyi ɗaya gaba rabi baya. Babu matsala.

Laraba, 15 ga Janairu

Farantin kas. Shi wannan ba ma sai an yi gardama ba, a bushe ake yankansa, don akwai girafait a cikinsa irin na bakin fensir, shi ne ke ba shi santsin kansa, kuma ba ya yin doguwar ɓarɓashi, gari yake zubarwa. Matsalarsa ƙura. Hannuna da hancina duk sun yi baƙi, sai da na sa takunkumi. Maigida ya sa na rufe hanyoyin da teburin injin ke bi da kwali kafin in fara, ya ce garin nan in ya haɗu da mai ko ruwa laka yake zama mai cin ƙarfe kamar yashi. Na share da buroshi da maganaɗisu a cikin leda, ban hura da iska ba don kar ya shige lungunan injin.

Asabar, 18 ga Janairu

Tayoyin alminiyon, samfurin 6061. Da yake nasarar yanka a bushe ta shiga kaina sai na fara ta farko haka, da haƙorin da nake yankan ƙarfe. Minti biyu ba a yi ba fuskar ta fara yin kaushi kamar an yage ta. Na duba bakin haƙorin, alminiyon ya manne a kai ya yi tsini, wato ba haƙorin ke yanka ba yanzu, wannan dunƙulen ne ke gurzar aikin, in ya girma ya ɓalle ya bar tabo wani ya sake taruwa. Alminiyon ba taurin kai gare shi ba, danƙo gare shi. Kuma fentin haƙorin da ya taimake ni a ƙarfe a nan cutarwa yake, shi ma akwai alminiyon a cikinsa sai su riƙa kama juna. Na canza zuwa haƙori mara fenti mai ƙyalli da kaifi sosai, na buɗe famfo. Fuska ta fito kamar madubi.

Sai kuma wajen ramin boris. Faɗin 6204 ta waje milimita 47 ne, ina son ramin ya tsaya 46.99 don ya shiga da ɗan matsi. Ruwan yana hana ni ganin cikin ramin sai na kashe famfo a yankan ƙarshe-ƙarshe, na yi ta bi a hankali ina aunawa, tayar ta ɗau zafi har ba na iya daɗewa da hannu a kai. Na samu 46.99 cif na cire ta daga cok, bakin injin da ke riƙe aiki, na ajiye ina murna.

Litinin, 20 ga Janairu

Boris ya ƙi shiga. Na auna, 46.96. Na ɗauka ma'aunin ne ya samu matsala sai da na gwada shi a wani abu na ga lafiyarsa lau. Na zauna na yi lissafi: alminiyon yana buɗewa da wajen maikiron 23 (milimita 0.023) a kowace mita a kowane digiri ɗaya, kusan ninki biyu na ƙarfe. Rami mai 47, in tayar ta fi ɗakin zafi da digiri 30, ya buɗe da 0.03 ke nan. Daidai abun da ya ɓace min. Ashe shi ya sa ma'aunin masana'antu na duniya gaba ɗaya a kan digiri 20 aka tsayar da shi.

Gyaran ya ci min awa ɗaya da rabi, don mayar da taya cikin cok ta zauna daidai inda take da farko ba wasa ba ne, sai da na sa agogon auna karkata ina bubbugawa da guntun katako har allurar ta daina rawa. Sauran biyun da ruwa na yi su tun daga farko har ƙarshe, in zan auna in kashe injin in goge in jira minti 5. Duka boris ɗin sun shiga da matsi mai kyau.

Talata, 21 zuwa Juma'a, 24 ga Janairu

Aikin mutane ya hau injinan, ban taɓa nawa ba. Na dai yi walda a ƙafafun gindi.

Litinin, 27 ga Janairu

Fil ɗin sitenles, samfurin 304. Fiƙar waje da ruwa ta tafi lafiya. Ramin milimita 6 da zan huda a gicciye ne ya ba ni wahala. A injin diril na tsaye na yi, juyi 1500 kamar yadda na saba a baƙin ƙarfe, a bushe, kuma don tsoron kar bakin ya karye sai nake dannawa a hankali. Ya shiga kamar milimita 2 ya tsaya cak, yana juyawa yana ƙara, bakin ya koma shuɗi. Na sa wani sabo, shi ma ko gezau, ya mutu a wurin. Maigida ya leƙo ya ce "Kai ka taurara shi da kanka." Sitenles in wuƙa tana gogarsa ba ta cizo ba, wurin taurara yake yi ya fi yadda yake, kuma ba ya watsa zafi, abun da yake iya watsawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe ba, alminiyon kuwa ya ninka sitenles ɗin wajen sau goma, don haka duk zafin a bakin diril yake taruwa. Lallaɓawar da nake yi ita ce matsalar.

Na juya fil ɗin na fara daga ɗaya gefen, juyi 600, man yanka a cike, na danna da ƙarfi ba tsayawa, ina ɗagowa in fitar da ɓarɓashi in ƙara mai in koma da ƙarfi. Ya huda har ya fasa taurarren wurin ta baya. Bakin diril 2 sun tafi, ɗaya na iya wasawa ya dawo.

Laraba, 29 ga Janairu

Bushin na roba. Iri biyu gare ni, asetal wanda aka fi sani da Delrin, da nailan. Asetal ɗin daɗin yanka gare shi ba kaɗan ba, a bushe, da wuƙar HSS da na wasa har tana aske gashin hannu, iska kaɗan tana kore zaren da ke fita don kar ya naɗe a cok. Abu ɗaya na kiyaye, roba ba ta fitar da zafi sosai kuma buɗewarta ta ninka ta ƙarfe kusan sau goma, don haka darasin tayar nan na yi amfani da shi, in na kusa kaiwa in bari ta huce tukuna. Sau ɗaya na bar wuƙa ta tsaya tana gogar wuri guda, wani wari mai yaji ya bugi hancina da idona, fomaldihaid ne yake fitarwa in ya yi zafi da yawa, nan take na ja baya.

Nailan ɗin ya fi naɗewa da narkewa a baki sai na buɗe masa ruwa. Ya yanku, milimita 30.00 ta waje. Guda biyu na yi, ɗaya ya faɗa tiren injin ban gan shi ba sai na ce gobe na nema.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Abu biyu suka tarbe ni yau kuma duka laifin ruwa ne, ko in ce laifin yadda na riƙe ruwan.

Na farko, bushin nailan da ya faɗa tire, kwana 5 yana jiƙe a farin ruwa. Na tsamo shi na goge na auna, 30.08, ɗan'uwansa da ke kan tebur yana nan kusan yadda na bar shi. Nailan shan ruwa yake yi ya kumbura, ko daga iska ma yana ja a hankali. Na fasa amfani da nailan ɗin gaba ɗaya, zan sake su da asetal, shi ruwan da yake sha bai taka kara ya karya ba.

Na biyu shi ne tankin. Ina kunna famfo wani wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, har wanda ke aiki a can ƙarshen shago ya ɗago kai. Na buɗe murfin tanki, ruwan da na haɗa fari tas ya koma toka-toka, man injin da ke tsiyayowa daga hanyoyin teburi ya yi shimfiɗa baƙa a sama. Wannan shimfiɗar ce ke toshe iska, su kuma ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa ba iska sai su samu wurin zama su yi ta cin man suna fitar da warin. Maigida ya miƙo min rifiraktomita, ɗan abun nan da ake ɗiga ruwa a kan gilashinsa a leƙa ta haske. Na ɗiga na leƙa, da na yi lissafin da ke jikin galan bai kai kashi 3 ba, ni da na haɗa 6. Dalili kuwa duk lokacin da na ga ruwan ya ragu zallan ruwa nake ƙarawa, alhali man yana bin ɓarɓashi da jikin aiki yana fita. Takardar gwajin pH, wato awon tsamin ruwa, ta nuna wajen 7.5, ya kamata a ce tana kusa da 9. Da na ɗaga cok na ga tsatsa ja-ja ta fara a ƙarƙashi, a kan injin da ba nawa ba, wannan ne ya fi yi min ciwo. Sai a lokacin kuma na gane ƙaiƙayin da ke tsakanin yatsuna tun satin jiya da jajayen ƙurajen nan daga ina suke.

Na ba maigida haƙuri, ya ce ba komai amma yau ba yanka, wanki ne. Na kwashe ruwan a jarka don ba a zubar da shi a kwata, akwai masu karɓar irinsa. Na kankare laka daga ƙasan tanki, na wanke tiyo da famfo, na goge tsatsar da mai, na haɗa sabo lita 20. Yini guda cur da wani lita 1.2 na mai. Jimillar man da na ci zuwa yau lita 3.6, wanda ya yi aiki a ciki bai fi sulusi ba.

Dokar da na sa wa kaina: awo da rifiraktomita duk Litinin da Alhamis, ƙari da ruwan da aka haɗa da mai ba zalla ba, kwashe man sama da tsumma, kuma ko ba a aiki a kunna famfo minti 15 ya juya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Bushin asetal guda 2, a bushe. Sun zauna. Hannu ya fara sauƙi, ina wankewa da sabulu mara ƙarfi ina shafa mai. Safar hannu ba a sa ta kusa da abu mai juyawa, sai wajen wankin tanki kawai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Murfin akirilik, robar nan garai-garai, kauri milimita 5, ramuka 6. Na huda na farko da bakin diril na ƙarfe da gudu, a bushe. Robar ta narke ta naɗe a bakin, ramin ya fito fari-fari da kumburi a gefe, a na biyu kuma bakin ya fizgi farantin sama wajen fita ya tsaga kusurwa. Akirilik tun daga wajen digiri 105 yake fara laushi, zafin da ƙarfe ko a jikinsa. Na ce to bari in sanyaya, akwai sifirit a kwalbar feshi da nake goge alminiyon da shi, na fesa a rami na uku na kuma goge na farkon da shi. Ban kai ga ajiye kwalbar ba na ga wasu ƙananan tsaga kamar saƙar gizo-gizo suna fita daga bakin ramukan suna ƙyalli in haske ya bugi farantin. A gaban idona suke tafiya. Zafin huda ya bar robar a ɗaure ta ciki, sifirit ɗin ya zo ya sake ta. Farantin ya tashi aiki.

A guntun da ya rage na yi gwaji. Na ɗan dakushe kaifin bakin diril da dutsen wasa yadda zai riƙa kankara maimakon fizga, juyi 500, katako a ƙasa, ruwa zalla da ɗigon sabulun wanke-wanke. Rami ya fito garau kana ganin ta cikinsa. Maigida ya ce tunda murfin kariya ne ma in nemi folikabonet, wata robar garai-garai, don shi ba ya fashewa in abu ya buge shi, amma in sani shi ma wasu mayukan yanka suna tsattsaga shi haka, iska ko ruwan sabulu kawai.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na gwada ɗan abun feshin mai da iska a injin milin wajen yanka maƙalan alminiyon, tunda can babu famfo kuma alminiyon na son santsi. Yadda ake so shi ne mai ɗan mitsitsi, ƙasa da mililita 50 a awa, har ɓarɓashi ya fita kusan a bushe. Ni na buɗe shi da yawa, cikin rabin awa hazo ya cika wurin, ina ganinsa a hasken fitila, maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi. Ba abun wasa ba ne, hukumar NIOSH ta Amurka tun 1998 ta ba da shawarar kar hazon ruwan yanka ya wuce rabin miligiram a kowace mita kubik ta iskar da ma'aikaci ke shaƙa. Na rage har sai da na kara farar takarda a bakin na ƙirga goma kafin tabon mai ya bayyana. A haka ma alminiyon bai manne ba. Na sa fanka tana jan iskar waje.

Muna cikin wannan maigida ya ce in wata rana aka kawo min wani ƙarfe mara nauyi da ya yi kama da alminiyon kar in buɗe masa farin ruwa sai na tabbatar ba magniziyam ba ne, don garinsa yana kama wuta, in ya haɗu da ruwa yana fitar da iskar haidurojin, kuma ruwa ba ya kashe wutarsa sai ƙara ta.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na haɗa gindi da shaf da tayoyi ukun, na ɗaura mota na kunna ba bel. Babu karkarwa, bayan minti 20 na taɓa boris ɗumi kaɗan. Alhamdu lillahi. Da na sa bel sai ya riƙa zamewa gefen hagu, tayar sama tana buƙatar ɗan tudu a tsakiya, kamar rabin milimita, shi zai riƙe bel ɗin.

Abun da aikin ya ci zuwa yau ban da kayan da suka shiga jikin injin: bakin kabayid 4, bakin diril 1, farantin akirilik 1, bushin nailan 2, man haɗi lita 3.6, da wajen kwana 3 na gyaran kuskure.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Awon tanki kashi 6, pH 9, babu wari. Na kwashe man sama.

Sati mai zuwa in sha Allahu: tudun tayar sama, da ruwa tun daga farko kuma zan bar boris ɗin a waje kar ruwa ya wanke masa giris. Sai murfin folikabonet in ya iso, zan fara gwada ruwan sabulun a guntu in bar shi kwana biyu in gani kafin in taɓa babban. Akwai kuma maɓallin tagulla guda 2 na daidaita bel, maigida ya ce shi a bushe ake yi amma in gyara wuƙar saman ta zama a shafe don kar ta fizga, kuma in sa tabarau don ɓarɓashinsa kamar allurai yake feshi. Na ajiye wuƙar HSS ɗaya daban zan wasa ta gobe da safe.